Tsintsiyar Hanyar Rigasa

Da sunan Allah nake fara wannan. Shi ya san abin da na yi, ya kuma san abin da na yi niyya.

A shekarar da aka kulle mu saboda korona ina zaune a Badarawa, a gidan da nake ciki har yau. Na riga na yi ritaya daga wani ofishin gwamnati inda na tsufa ina jera takardu. Boko na yi daidai na cin abinci. Karatuna na gaskiya a gaban malamina na yi shi, wani dattijo da ya koma Rigasa da zama tun ana kiran wurin daji. Shi ya riƙe hannuna ya koya mini Ajami, har ya zama ko cefane zan rubuta, da shi nake rubutawa.

Kafin annobar ta zo, wata malamar sakandare ta buɗe zauren hira a waya don masu son karatu. Ban san wanda ya ba ta lambata ba, na dai wayi gari na gan ni a ciki. Ba mu kai talatin ba. A zaɓi littafi, kowa ya karanta, ranar Asabar a zo a yi ta musu a kansa. Yawancinmu ba mu taɓa haɗuwa ba. Ni kuwa ko fuskata ba su sani ba, domin hoton da ke kan lambata shafi ne na rubutun hannuna. Saboda haka suka sa mini Mai Ajami. Ba na iya saurin danna waya, sai in rubuta ra'ayina a takarda in ɗauki hoto in tura, su yi ta roƙo in karanta musu da murya.

Mutum biyu ne suka fi kowa magana. Akwai wani direban babbar mota, mutumin Zamfara, wanda ba ya gama littafi amma ba a gama musu ba tare da shi ba. Akwai kuma wanda muke kira Darakta, babban ma'aikaci a wata ma'aikata, mai Hausa tsaf-tsaf da Turanci a gefe. Ya yi karatu, ba zan hana shi wannan ba. In ya warware littafi sai ka ji kamar ba shi ka karanta ba. Ina jin daɗinsa a lokacin. Yakan ce mini, “Malam, wata rana sai na zo na ɗauki karatu a wurinka.” In ce, “Ƙofa a buɗe take, Yallaɓai.”

Da aka sa dokar kulle, littafi ya koma gefe. Malama ta yi ta ƙoƙari, tana cewa, “Jama'a, babi na huɗu fa muke,” amma ba mai jin ta. An rufe kasuwa, an rufe masallatai, motar Direba tana tsaye a gareji.

Direba ya turo murya: “Yallaɓai Darakta, ku da anka ba takardar hita, kuna cikin mota da sanyi, ku ka hwaɗin a zamna gida. Mu mi za mu ci? Dokar?”

Darakta ya rubuto: “Direba, yunwa ana warkewa. Wanda cutar nan ta ɗauka ba ya dawowa. Mako nawa ne duka?”

“Cikinka ya san mako. Nawa awa ya sani.”

Aka yi dariya. Ni ina tsakiya. Ban ƙi a rufe kasuwa ba, kuma da aka ce a yi salla a gida na yi a gida, ni liman, mai ɗakina mamu. Abu ɗaya na tsaya a kai. Na rubuta na tura cewa a rage taro, amma mamaci yana da hakki a kan masu rai, kada tsoro ya sa a bar shi a hannun wanda bai san shi ba.

Darakta ya amsa mini da ladabi, ladabin nan mai sanyi. Ya ce, “Allah gafarta Malam, da girmamawa, wannan son zuciyar masu rai ne. Gawa ba ta san wanda ya wanke ta ba.”

Na bar shi a haka. Ra'ayi ne, kowa da nasa.

Azumi ya kama muna kulle. Wata safiya, na idar da sallar asuba ke nan, aka bugo mini daga Rigasa cewa malamina ya cika. Ba annobar ba ce, tsufa ne, ya daɗe a kwance. Shekaru kafin nan ya taɓa kama hannuna a zaurensa ya ce, “In na riga ka, kai za ka wanke ni.” Na ce to. Shi ya koya mini wankan gawa, kuma tare muka yi wa mutane da yawa, yana wankewa ina zuba ruwa.

Mai ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Malam, akwai shinge a hanya.” Na ce na sani. Ta ɗauko mini takunkumi da ƙullin kafur.

Na tayar da tsohon babur ɗina na bi lunguna. Allah ya kai ni lafiya. Na wanke shi da ruwan magarya, na fara da dama kamar yadda ya koya mini, ƙaninsa yana zuba ruwa. Mutumin da ɗalibansa za su cika fili, mu kaɗan muka tsaya a kansa, kowa nesa da kowa. Muka kai shi, muka rufe, muka watse ba zaman makoki.

A hanyar dawowa hankalina ba ya jikina, sai na manta na hau babban titi. Nan jami'ai suka tare ni. Na faɗa musu daga inda nake, suka ce kowa haka yake cewa. Aka haɗa ni da wasu, aka kai mu gaban kotun tafi-da-gidanka da aka kafa ƙarƙashin rumfa, aka yanke mana sharar titi. Aka miƙo mini guntuwar tsintsiya, irin wadda sai ka sunkuya sosai.

Rana ta take, ga azumi. Ƙasar kabarin malamina ba ta gama fita daga farcena ba. Ina cikin shara hulata ta faɗi, na sunkuya zan ɗauka, takunkumin ya zame, wani jami'i ya daka mini tsawa, na razana na saki tsintsiyar. Shuɗiyar rigata ta ja kwalta a gefe. Ban lura akwai mai ɗaukar mu da waya ba.

Ban gaya wa mutanen zaure komai ba, ko rasuwar ban sanar ba. Kwana biyu bayan nan, da la'asar, ina kwance a tabarma ina jiran shan ruwa, na buɗe waya. Darakta ya turo bidiyo. Na danna.

Na ga wani tsoho mai furfura a sunkuye, hula a ƙasa, yana rarumar tsintsiya kamar wanda aka kama da kaza. Na ɗan jima kafin na yarda ni ne.

A ƙasa Darakta ya rubuta: “Ga irin mutanen da nake faɗa muku. Dubi wannan, da furfurarsa. Jahilci ba ya tsufa. Da ni ne alƙali har kwata sai ya kwashe.”

Sai fuskokin nan masu dariya har da hawaye suka fara zubowa, ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce, “Baba an ji jiki.” Wata ta ce a dubi yadda ya yi tsalle. Direba, wanda nake zaton zai tsaya wa talaka, ya turo murya yana ƙyaƙyatawa: “Wallahi tsohon ga bai iya shara ba, a gida Hajiya ka yi mai!” Malama kaɗai ta rubuta, “Haba jama'a, sa'an mahaifinmu ne,” ta kuma biyo da tata fuskar mai murmushi, don kada a ce ta ɓata wasa.

Har Darakta ya kira sunana da kansa a zauren. “Mai Ajami, ka yi shiru. Me littattafanku suka ce a kan irin wannan?”

Na ɗauki alƙalami na ajiye ya fi sau biyar. In na ce ni ne, na ba su fuskar da za su liƙa wa dariyar. In na yi shiru, na haɗiye. Na haɗiye. Na rubuta, “Allah ya sa mu dace,” na kife wayar.

Aka kira magariba, mai ɗakina ta kawo kunu da dabino, na kasa kai hannu. Na nuna mata. Ta kalla sau ɗaya ta ce, “Goge shi.” Na ce a'a. Ta ce, “To fita daga cikinsu.” Na ce a'a. Ta dube ni, ta san ni shekara arba'in, ta ce, “Malam, azumi ake.”

Ba zan yi wa kaina ado ba. Daga ranar nan na zauna jiran Darakta. Sauran da suka yi dariya na bar su da halinsu, amma shi ya ɗauko, shi ya sa mini suna. Nakan buɗe bidiyon in kalla don kada zuciyata ta huce. A zaure kuwa ban canza ba. In ya warware littafi in ce, “Madalla, Yallaɓai.” Ina idar da salla in roƙi gafara, in na shafa sai in ji abin yana nan inda na bar shi. Rigar ma na hana a wanke. Na ninke ta da kwaltarta na sa a ƙasan akwati, ban san me zan yi da ita ba.

Bayan salla ƙarama, ana nan ana kulle, Darakta ya sanar da cewa mahaifinsa ya rasu a ƙauyensu, can ƙasar Katsina. Muka yi masa ta'aziyya, ni ma na yi, kuma da gaske na yi wa tsohon addu'a, shi bai yi mini komai ba. Direba ya tambaye shi ko ya samu jana'iza. Ya ce a'a, an rufe iyakar jiha, kuma ba zai karya dokar da yake karewa ba. Ya ce maƙwabta sun yi komai. Mutane suka yaba masa. Ni na karanta na riƙe abin a raina.

Da aka sassauta, ya je gida. Kwanaki kaɗan da dawowarsa sai ga saƙonsa, ni kaɗai, ba a zaure ba.

“Allah gafarta Malam, wata alfarma nake nema. An ba ni gafakar tsohona, akwai takardu a ciki da rubutun hannunsa, duk Ajami. Ni ko harafi ɗaya ba na ganewa. Inna ta ce akwai saƙo a ciki. Ba na so in kai wa mutanen gari, kowa ya ji sirrin gida. Kai na yarda da kai.”

Ya biyo da hotuna goma sha ɗaya.

Na gyara zama. Takardun mutanen da can ba a ɗinke suke ba, falle-falle ne, kuma ba lamba a kansu. Abin da ke riƙe su shi ne, a ƙasan kowane shafi marubuci yakan sa kalmar da shafi na gaba zai fara da ita. Darakta bai san wannan ba. Ya zazzage gafakar a kan tebur, ya tattara yadda ya ga dama, ya kuma fara ɗauka daga hagu kamar fayil ɗin ofis. Biyu ma a kife ya ɗauke su. Na ɗauko takarda na bi kalmomin ƙasa ɗaya bayan ɗaya har suka jeru.

Hannun tsohon kyakkyawa ne, na wanda ya sha allo. Shafukan farko ranakun haihuwar 'ya'yansa ne, da addu'o'in da yake yi musu. Sai maganin ciwon ido, sai nasiha ga iyali a kan zumunci. Shafin ƙarshe, wanda Darakta ya turo a matsayin na farko, tawadarsa ta fi sabunta, hannun kuma yana rawa. A nan tsohon ya rubuta cewa in ya mutu, babban ɗansa, wanda ke aiki a Kaduna, shi zai zuba masa ruwa. Ya ce ya san bai koyi wanka ba, laifinsa ne da ya tura shi boko bai koya masa ba, amma a ba shi buta ya riƙe, domin hannunsa yake so a kansa a ƙarshe.

Na karanta na ajiye wayar. Ya kamata tausayi ya fara zuwa mini. Ba shi ya fara zuwa ba. Daɗi na ji, har cikin ƙashina, irin na mai ƙishi da aka miƙa wa randa.

Hanyoyi suka buɗe mini. Zan iya karantawa da murya in tura cikin zaure in ce kuskure ne. Na auna wannan kwana biyu, na bar shi, domin amana ce, kuma tsohon bai rubuta don 'yan dariya ba. Zan iya kuma in tsallake layin, in ce nasiha ce kawai, in bar mutumin da kwanciyar hankalinsa. Wannan ban auna shi ko minti ɗaya ba. Na gaya wa kaina cewa ɓoye wasiyya haramun ne, kuma gaskiya ne haramun ne. Amma na san ba tsoron haramun ne ya sa na yi saurin ƙi ba.

Ya bugo washegari. Na ce ban gama dubawa ba. Ya bugo bayan kwana uku, na ce idona yana ciwo. Na bar shi mako biyu. Ran nan ya ce, “Malam, ko a murya ne ka ɗan karanto mini, ba na iya barci.”

Na ce, “Yallaɓai, mu ba a ba mu karatu ta waya ba. Wanda ke so yakan zo ya zauna. Ka zo da takardun ranar Alhamis bayan la'asar.” Na kwatanta masa gida.

Ranar na ciro shuɗiyar rigar na sa. Na shimfiɗa buzuna a zauren gidana, na shimfiɗa tabarma a gabansa, na kwashe kujerun roba biyu da ke wurin na kai cikin gida. Na ɗauko guntuwar tsintsiyar tsakar gida na jingine a bango kusa da ni. Mai ɗakina tana kallona daga bakin madafa.

Ta ce, “Wannan rigar fa?”

Na ce, “Ita ta zo hannu.”

“Daga ƙasan akwati ta zo hannu?”

Na juya na koma zaure.

Ya zo a mota mai baƙin gilashi, ya ajiye ta a bakin lungu don ba ta shiga. Na zaci zan ga ƙato. Sai ga ɗan siriri mai tabarau, furfura ta fara masa a gefe, yana rungume da gafaka a ƙirji kamar jariri. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya duba bai ga kujera ba, ya durƙusa a tabarma da farar shaddarsa.

“Allah gafarta Malam, yau dai ga ni ga Mai Ajami.”

Na sauke takunkumina na ce, “Ga ka ga shi.”

Ya dube ni da murmushi. Murmushin ya ɗan tsaya. Ya dubi rigar, ya dubi kwaltar, idonsa ya kai kan tsintsiya ya dawo. Na ga yana neman inda ya san ni. Ban taimake shi ba. Na miƙa hannu na karɓi gafakar.

Na jera fallayen a gabansa, ina nuna masa kalmar ƙasa da ta sama. “Ka ga wannan? Ita ce wannan. Tsohonka bai bar ka cikin duhu ba, kai ne ka birkita.” Ya ce, “Wallahi ban sani ba.” Na ce, “Rashin sani ba laifi ba ne, Yallaɓai. Wasu dai suna kiransa da wani suna.”

Ya sake duban tsintsiyar. Ina jin a nan ya fara ganewa.

Na ce masa a wurinmu ba a karanta wa mutum yana zaune kamar mai jin rediyo. Malami ya faɗa, ɗalibi ya ɗora yatsa a kan layi ya maimaita. Haka aka yi mini, haka zan yi masa. Ya ɗora yatsa. Muka fara daga ranar haihuwarsa, wata Talata cikin damina, da addu'ar da tsohon ya yi masa. Ya maimaita yana murmushi. Muka wuce ƙannensa, muka wuce maganin ido, har ya yi 'yar dariya ya ce ya tuna ana ɗiga masa. Ban yi sauri ba. Na bar shi ya saki jiki sosai.

Sai na ɗauko fallen ƙarshe.

Na karanta, “In na mutu, babban ɗana, wanda ke aiki a Kaduna.”

Ya maimaita.

“Shi zai zuba mini ruwa.”

Yatsansa ya tsaya.

Na ce, “Maimaita, Yallaɓai.”

Ya maimaita, da ƙyar na ji.

Na ce, “Ban ji ba. Karatu da murya ake yi.”

Ya sake faɗa. Na kai shi har ƙarshe, har wurin buta, har wurin hannunsa da tsohon yake so a kansa. Da muka gama na ce a sake daga farkon shafi, don karatu ba ya zama da ji ɗaya. Muka sake. A na uku bai iya kaiwa ba. Ya cire tabarau ya kife fuskarsa a tafin hannu, kafaɗunsa suna motsi.

Na jira. Sannan na faɗi abin da na yi watanni ina gogawa a raina. Na ce, “Ka taɓa gaya mana gawa ba ta san wanda ya wanke ta ba. Wataƙila haka ne. Amma ka ga tun tana da rai take zaɓa. Nawa malamin ma ya zaɓa. Daga wankansa nake ranar da aka ba ni tsintsiya a hanyar Rigasa.”

Ya ɗago. Ya dubi rigar sosai a wannan karon.

Ya ce, “Innalillahi. Malam, kai ne?”

“Ni ne jahilin. Kwatar ce dai ba a sa ni na kwashe ba, alƙalin bai kai ka tsanani ba.”

Na yi zaton zai kare kansa, na ma shirya amsoshi. Bai kare ba. Ya ce, “Ka yafe mini, don Allah.” Ya faɗa sau biyu. Ya ce zai shiga zauren waya ya gaya wa kowa, ya ba da haƙuri a fili. Na ce kada ya kuskura, ba na so a sake buɗe bidiyon nan don a gwada fuska. Na tattara fallayen a jere, na mayar cikin gafaka, na ɗaure, na miƙa masa da hannu biyu.

Ya ce, “Malam, ba ka ce ka yafe ba.”

Na ce, “Allah ya jiƙan tsohonka. Mutumin kirki ne, hannunsa ya nuna.”

Ya tashi, ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya neman ɗayan alhali yana gabansa. Na bi shi da ido har ya fita lungu.

Da na shiga gida mai ɗakina tana tankaɗe. Zauren da tsakar gida bango ɗaya ne, ta ji komai. Ba ta ɗago ba ta ce, “Sau nawa ka sa shi ya faɗa?”

Na ce, “Uku.”

“Tsohon sau nawa ya rubuta?”

Na wuce ɗaki na tuɓe rigar. Washegari na tarar ta wanke ta, ta shanya a igiya. Kwaltar ba ta fita ba.

Zan so in ce na kwana da nadama, amma ƙarya ne. Na yi barci mai daɗi irin wanda na daɗe ban yi ba. Sai daga baya, a hankali, in ina salla, fuskar mutumin a cikin tafin hannunsa takan zo ta tsaya mini. Wasiyya dole in karanta masa, wannan ba ni da shakka. Na biyu da na uku nawa ne, ba na tsohon ba, kuma na san za a tambaye ni su.

A zauren waya Darakta ya yi shiru. Malama ta yi ta cigiya, Direba yana cewa, “Ina Yallaɓai? Ko an kulle shi shi kaɗai?” Aka koma littafi, amma musun ya rage gishiri. Ni ma na ji rashinsa, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Wata uku bayan nan ya bugo mini. Bayan gaisuwa ya ce, “Malam, in an yi rasuwa a unguwarku aka kira ka, ka kira ni. Buta kawai zan riƙe.”

Na ce wannan ba aikin masu farar shadda ba ne. Ya ce zai sa wata. Na ce ba a zaɓar lokaci, ko yana ofis ne. Ya ce zai fito. Na so in ce a'a, in bar shi da abinsa har ya mutu. Sai na tuna ba shi ya fara roƙon ba, tsohon ne ya ce a ba shi buta, kuma ni na karanta da bakina.

Da wani tela maƙwabcinmu ya rasu, na kira shi. Ya zo kafin a gama ɗinka likkafani. Da na miƙa masa buta, ya kwarara ruwan gaba ɗaya. Na ce, “A hankali! Ba mota kake wankewa ba.” Ya ce, “To, Malam.”

Yanzu shekaru ke nan muna yi tare. Ya iya, har ya fi wasu da suka girme shi a aikin. Ya san dama kafin hagu, ya san lokacin kafur, ya san rufe baki a kan abin da ya gani. Duk da haka ban taɓa barin wanka ya wuce ban gyara masa wani abu ba, da murya mai kaifi fiye da yadda ake bukata, shi kuma bai taɓa cewa komai ba sai “To, Malam.” Bai sake tambayata ko na yafe ba. Ni ma ban faɗa ba. Na sauya waya sau biyu tun lokacin, kuma duk sauyin sai na sa an kwaso mini bidiyon.